Fatsar tirawut a tsakiyar hunturu: inda kifin ke kwanciya da abin da yake ci

Shekarar farko da na fara fita fatsa da hunturu a nan jihar Kolorado ta Amurka sau huɗu ina zuwa kogi ina dawowa ko ɓawon kifi ban taɓa ba, sai dai yatsu da suka ƙage da hanci yana yoyo, har maiɗakina ta fara cewa wai ko dai an yi min asiri ne da ruwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne ina kamun ne irin na bazara, na fita tun asuba, na ɗaura ƙaton ƙwaro, na tsaya inda ruwa ke gudu da ƙarfi ina ta wurgi. To duk ukun nan kuskure ne a watan Janairu, kuma su zan warware maka a nan, in kana zaune a ƙasar da ake ƙanƙara kuma kana sha'awar abin.

Ga wanda bai san harkar ba, wannan fatsar ba irin tamu ta gida ba ce da za ka soka tana a ƙugiya ka jefa ka zauna jiran tarwaɗa. A nan ƙwaron bogi ake amfani da shi, ƙugiya ce ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwarin da kifin ke ci, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta inda kake so tunda ita kanta ba ta da nauyin komai. Kifin kuma shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi, akwai mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, akwai mai jan layi a gefe da suke ce wa renbo.

Mu fara da shi kifin, don in ka gane halinsa sauran duk sauƙi ne. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi irin namu, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Ya fi walwala idan ruwa na tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Selsiyos, to da hunturu ruwan yakan sauko zuwa digiri 4, 3, wani lokacin ya kusa sifili, sai komai nasa ya yi sanyi, narkar da abinci ya ragu, motsi ya ragu. Yana ci fa, kar wani ya ce maka ba ya ci, amma ba zai bi abinci ba. Da bazara zai iya tasowa mita guda ya cafke ƙwaro, da hunturu kuwa in abin bai zo daidai bakinsa ba, tazarar taƙi ɗaya ma ta yi masa nisa, sai ya ƙyale ya wuce. Shi ya sa duk aikin naka shi ne ka kai masa abincin har baki, a hankali, a daidai zurfin da yake kwance.

Wane kogi za ka je? Nan ma akwai magana. Kogunan da ke gangarowa kai tsaye daga duwatsu yawanci daskarewa suke yi, gefe ya yi ƙanƙara, wani lokacin har ƙasan ruwan ƙanƙara ke kamawa, da safe ka ga ruwan yana tafe da wani abu kamar kunun ƙanƙara wanda ba ya barin zare ya nutse. In ka ga haka kar ka wahalar da kanka. Wanda ake nema shi ne kogin da ke fitowa daga ƙarƙashin dam. Dalili kuwa ruwa ya fi nauyi ne a wajen digiri 4, don haka ko saman dam ɗin ya daskare ƙasansa yana nan a wajen digiri 4 ɗin, kuma daga ƙasan ake sako ruwa, sai ka samu kilomitoci na farko ba sa daskarewa duk tsananin sanyi, ƙwari na rayuwa, kifi na ci. Mu a nan wanda ya fi kusa da Denba shi ne South Platte a ƙasan dam ɗin Cheesman, cikin kwazazzabon Cheesman ɗin da kuma wajen ƙauyen Deckers, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Akwai Blue River da ke ratsa garin Silverthorne a ƙasan dam ɗin Dillon, akwai Fryingpan a ƙasan Ruedi kusa da Basalt, in kana da hali ka gangara jihar New Mexico akwai San Juan a ƙasan dam ɗin Navajo, wannan kam ya yi suna wajen fatsar hunturu. Ni South Platte na fi sani don haka yawancin misalina daga can ne.

Kafin ka fita ka duba yawan ruwan da ake sakowa a intanet, ana sa shi kullum. Da hunturu yawanci ruwan kaɗan ne kuma garau kamar gilashi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya kasance a tsaye kwana biyu uku, in an ƙara ko an rage shi da yawa jiya to yau kifin a rikice yake. Lasisi kuma dole, daga shekara 16 zuwa sama, kuma ka karanta dokar wajen da za ka, don kwazazzabon Cheesman kamawa ake a saki, ba a tafiya da ko ɗaya kuma ba a sa tana ko wani abincin gaske a ƙugiya. Na san wannan yana yi wa Bahaushe ciwo, ka sha sanyi ka kama kifi mai tsoka sannan ka mayar da shi ruwa, ni ma da farko sai da na yi ta maimaita innalillahi, amma tarar ba wasa ba ce kuma da ba a sakin da tuni babu kifin a wajen.

Lokaci. Ka yi barcinka malam, ba sammako a wannan harka. Ka isa kogi wajen ƙarfe goma, ka shirya a nutse, abin yana fara motsi ne daga sha ɗaya zuwa wajen uku na rana, lokacin da rana ta ɗan taɓa ruwan ya hau da digiri ɗaya ko biyu, kuma wallahi digiri ɗayan nan shi ne bambancin ranar da za ka kama da ranar da za ka dawo hannu rabbana. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi na ruwa ka rataya a jiki, ba shi da tsada, kana aunawa duk bayan awa. A cikin kwazazzabo rana ba ta daɗewa, da ta faɗa bayan dutse za ka ji sanyi ya sauko kamar an buɗe firiza kuma cizon ya tsaya cak, to ka naɗe kayanka. Wani abu da ke ruɗar mutane, ranar da aka yi zafi sosai bayan an zuba dusar ƙanƙara ba lallai ta yi kyau ba, narkakkiyar ƙanƙarar na shiga kogi ta ƙara sanyaya shi. Ni na fi son rana mai lumshi, ba iska, sanyin bai kai na daskarewa ba sosai. Kuma tunda azahar tana faɗowa ne daidai tsakiyar lokacin cizo, ka yi alwalarka tun kafin ka sa kaya, ba ka so ka tsaya cire takalmi da safa uku a kan ƙanƙara, na gwada sau ɗaya ban ƙara ba.

Sai inda kifin yake. Ka manta da wajen da ruwa ke tafasa yana fari. Ka nemi gurbi mai zurfi inda ruwan ke tafiya kamar tafiyar dattijo, ko ƙasa da haka, musamman daga inda gudun ruwa ya faɗa cikin gurbin ya lafa, da layin da ke raba ruwa mai sauri da marar sauri, da bayan manyan duwatsu, da jelar gurbin inda ya fara yin tudu. Da hunturu tarewa suke yi waje ɗaya, za ka iya wuce mita ɗari babu ko ɗaya sannan ka samu ashirin a jere cikin rami ɗaya da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Don haka in ka kama ɗaya kar ka matsa, 'yan uwansa na nan. Gilashin ido mai kashe ƙyallin ruwa ya zama dole, da shi za ka hau kan dutse ka tsaya shiru minti biyar kana kallo, da farko duwatsu kawai za ka gani, can sai ka ga wata inuwa ta ɗan karkata, ko ka ga farin cikin baki ya buɗe ya rufe. Wanda ka ga yana ɗan kaɗawa hagu da dama ya ɗago daga ƙasa kaɗan, shi ne mai ci, shi za ka nema. Wanda ya lafe a ƙasa kamar icce ƙyale shi. Kuma ka tafi a hankali, kar inuwarka ta faɗa kan ruwan, kar ka sa jar riga, kifin Cheesman ya ga masunta fiye da yadda kai ka ga kifi.

To yanzu ƙwaron da za ka ɗaura, wanda shi kowa ke tambaya duk da ba shi ne kan gaba ba. Abincin hunturu kusan duka wani ɗan ƙwaro ne da suke kira mij, kamarsa ɗaya da sauro sai dai ba ya cizo, kuma yana ƙyanƙyashewa duk shekara ko ana zuba ƙanƙara. Yana da mataki uku da suka shafe mu. Da farko 'yar tsutsa ce siririya a ƙasan ruwa, ja ko ruwan madara ko kore-kore, jar ma wani sinadari ne irin na jini ke sa ta ja. Sannan ta kumbura ta kama hanyar sama tana ɗauke da ɗan kumfan iska mai ƙyalli, a nan kifi ya fi cin ta don ba ta da hanyar gudu. Sannan ta fasa ta zama mai fiffike a saman ruwa. Kai kuma bin wannan tafiyar za ka yi, da safe ka sa mai kama da tsutsa can ƙasa, rana ta ɗaga ka koma mai kama da wadda ke tasowa ka ɗan rage zurfi.

Girman fa? Nan ne sabon shiga ke kasa yarda. Lambar ƙugiya in tana hawa ƙugiyar ƙanƙancewa take, kuma da hunturu daga 18 zuwa 24 ake wasa, lamba 22 ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ranar da wani dattijo a wani shagon kayan fatsa ya zuba min su a tafin hannu na ɗauka tsokanata yake, na ce wannan ai ko ɗan karfasa ba zai kula shi ba, ashe da shi ake kama kifi mai tsawon kamu guda. In akwatinka na da ƙwarin bogin nan, Zebra Midge baƙi da ja, da Black Beauty wanda Pat Dorsey ya ƙirƙira don wannan kogin, da RS2 ruwan toka na Rim Chung shi ma ɗan nan Kolorado, da ƙaramin Pheasant Tail lamba 20, to ka gama rabin sayayya. RS2 ɗin nan in aka ce na zaɓi ɗaya tak shi zan ɗauka, yana wucewa a matsayin mij yana kuma wucewa a matsayin ɗan ƙwaron nan mai shuɗin fiffike da ke fara fitowa ƙarshen Fabrairu zuwa Maris a ranakun hadari. Sai ka ƙara da 'yan manya da za su jawo ido: mai kama da ƙwan kifi ruwan lemo ko ruwan hoda, San Juan Worm wanda tana ce kawai ta zare, da mai kama da ɗan jatan landen da ke cikin ciyawar ruwa. In Fryingpan ko Blue za ka, ka nemi na mysis, wani farin ɗan jatan lande ne da ke fitowa daga cikin dam ɗin, shi ne ke sa kifin da ke dab da bakin dam yin ƙiba kamar ragon layya. A South Platte ba ka buƙatarsa.

Ba sai ka yarda da ni ba, ka sa hannu ka ɗago dutse ɗaya daga cikin ruwa ka juya shi, abin da ka gani yana motsi a ƙarƙashi shi ne abincin ranar, ka duba girmansa da launinsa ka nemi mai kama. Girma ya fi launi muhimmanci, in kana kokwanto ɗauki ƙaramin.

Ga yadda nake haɗa zaren. Sanda mai ƙafa 9 lamba 5 ko 4 ta isa. Lida, wato zaren da ake ɗaurawa a ƙarshen igiyar, mai ƙafa 9, na ƙara mata siririn zare 5X, na ɗaura ƙwaro na farko wato mai jawo ido, daga lanƙwasar ƙugiyarsa na ɗaura wani zaren 6X mai tsawon kamar santimita 35 zuwa 45 na sa ɗan mij ɗin a ƙarshe. Shi ma zaren lambarsa in ta hau siranta yake, 6X kamar gashin kai yake, kuma na fulorokabon ya fi don ba ya nunawa a ruwa garau. Sama da ƙwaron farko da kamar santimita 30 na matse 'yar dalma don ta nutsar da shi, can sama kuma na sa alamar da ke nuna cizo, ɗan ulu ko ɗan ƙaramin balan-balan da ke yawo a saman ruwa, a nisan da ya kai zurfin wajen sau ɗaya da rabi. A ruwa mai kwanciya ulun ya fi, don ba ya faɗuwa da ƙara. Ni biyu nake sawa, wasu na sa uku, amma ka duba dokar jiharka, kuma ka sani uku da iska da daskararrun yatsu rikici ne kawai. Ka haɗa duk wannan tun a gida ko cikin mota da hita a kunne, ka naɗe spaya biyu a jikin ɗan soso, don zura 6X a idon ƙugiya lamba 22 da hannun da ba ya jin komai, hmm, sai wanda ya gwada.

Abin da ya canza min komai shi ne wannan: in ba ka samu cizo ba kar ka fara da canza ƙwaro. Fara da dalma. Ka ƙara 'yar ƙarama ka sake jefawa, har sai ka ga alamar tana ɗan tsalle jefi-jefi alamun dalmar na taɓa ƙasa, in kuma duk jifa sai ka maƙale ko ka ɗebo gansakuka to ta yi yawa ka rage. Bayan dalma sai ka matsar da alama sama ko ƙasa. Sai duk wannan ya ƙi sannan ka buɗe akwati. Akwai ranar da na yi kusan awa ɗaya a kan wani gurbi ƙasa da gadar Deckers ina ganin kifaye shida da idona, na canza ƙwaro ya fi sau biyar ba wanda ya kalle ni, da na ƙara dalma ɗaya wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, jifa na biyu alamar ta tsaya. Ƙwaron da na fara da shi tun farko ne fa a jiki.

Jifan kuma gajere ne, ba burga. Ka matso iya yadda za ka iya ba tare da ka kore su ba, ka jefa sama da kifin da mita biyu ko uku don ƙwaron ya samu lokacin nutsewa, ka ɗaga igiyar daga kan ruwa ko ka juya ta sama don kar gudun ruwa ya ja ta, so ake ƙwaron ya taho kamar ba a ɗaure yake ba. In alamarka na tafiya daidai da kumfan da ke gefenta ko ma ta ɗan fi shi jinkiri to kana kan hanya, don ruwan ƙasa ya fi na sama nawa. Cizon hunturu ba ya nutsar da alama, tsayawa kawai za ta yi, ko ta ɗan karkace, ko ta yi wani ɗan rawa da za ka ce idonka ne. Duk abin da ka gani ɗaga sanda, ɗagawa ba ta da kuɗi. Amma a hankali, kamar kana ɗaga kofin shayi cike, in ka fizga irin na mai kama tarwaɗa zaren zai tsinke ka bar wa kifi ɗan kunne. Kuma ka maimaita layi ɗaya sau ashirin, talatin, kafin ka matsa taki ɗaya.

Wani lokacin da rana tsaka za ka ga ruwa ya fara yin 'yan zobba a wajen da ya kwanta, to Allah ya kashe ya ba ka. Tsaya ka lura tukuna. In bayan kifin da jelarsa kake gani to ƙarƙashin fatar ruwa yake ci, cire dalma ka bar RS2 ko ɗan mij ya rataya dab da sama. In hancinsa ke fitowa to a sama yake ɗauka, ka sa Griffith's Gnat lamba 20 wanda ke kama da mij da yawa sun dunƙule, ko ƙaramin Parachute Adams. In ba ka iya hango shi, kuma ba za ka iya ba, ka sa wani ɗan babba a gaba ya zame maka alama. Masu son babban kifi kuma sukan ja Woolly Bugger, wani babban ƙwaron bogi mai gashi, baƙi ko kore a cikin gurbi, sannu sannu kamar abin da ke shirin mutuwa, ba ya kawo cizo da yawa amma in ya kawo za ka ji a hannu.

Ka lura da inda kake takawa. Mai ruwan ƙasa yana zuba ƙwai daga Oktoba zuwa wajen Disamba, renbo kuma daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, kuma ƙwan yana kwance cikin tsakuwa duk tsawon sanyin. In ka ga wani fili a wajen da ba zurfi tsakuwarsa ta yi fes ta fi ta kewaye haske kamar an share, gidan ƙwai ne, zagaye shi, kuma kifin da ka gani a kai bar shi ya yi abin da ya kawo shi.

In ka kama, ka gama da shi da wuri, ka sa shi a raga ka bar ragar cikin ruwa, ka cire ƙugiyar da ɗan hantsaki, in ka danne ƙayar ƙugiyar tun farko fita take ba wahala. Idan iska ta kai sanyin daskarewa kar ka ɗaga shi sama don hoto, 'yan daƙiƙu sun isa su daskarar masa da gaɓoɓin numfashi da ido, kuma kar ka kama shi da safar hannu ta ulu tana kwashe masa santsin jiki, kar kuma ka kwantar da shi kan dusar ƙanƙara.

Kai ma kanka sai ka kiyaye. Kar ka sa komai na auduga a ciki, in ya jiƙe da gumi shi zai kashe ka da sanyi, ulu ko na roba ake sawa hawa-hawa. Safa kar ta matse, takalmi in ya matse jini ba ya zagayawa kuma ƙafar za ta fi yin sanyi ko safa nawa ka jera. Takalmi mai tafin roba da ƙusoshi ya fi mai tafin bargo, shi na bargon dusar ƙanƙara ke manne masa har ka ji kana tafiya kan tubali. Ka ɗaure bel ɗin wandon ruwanka tamau, kar ka shiga ya wuce gwiwa in ba dole ba, kar ka yarda da ƙanƙarar da ta yi rumfa a bakin kogi don ƙarƙashinta fayau ne. Zobban sanda za su riƙa toshewa da ƙanƙara, ka tsoma sandar a ruwa ka girgiza ko ka ɓare da yatsa a hankali, shafa musu man leɓe tun a mota yana ɗan taimakawa, in ka yi da ƙarfi kan sandar zai karye, nawa ya karye haka a Fabrairun bara. Ka ajiye cikakken kayan canji da tawul a but, ka gaya wa wani inda za ka don cikin kwazazzabon sabis ba ya kamawa, sannan fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari, babba, ba ƙaramin nan na ofis ba.